Amin Ɗin da Ta Kusa Tsige Famfon Mma Awabu

Mma Awabu Issaka ta shekara ashirin da shida tana tsaron famfo ɗaya a wani lungu na Maamobi. Daga Walewale, a arewacin Ghana, ta zo Accra tana budurwa, ta yi dako a Kasuwar Malam Atta har wuyanta ya gaza, sai dattawan lungun suka damƙa mata makullin famfon unguwa. Da shi ta ci, da shi ta raini 'ya'ya huɗu. Ba ta yi boko ba, amma tana da waya, kuma tana cikin zauren WhatsApp na unguwar, wanda Ziblim tela ya buɗe don sanarwar suna da rasuwa.

A watan Maris na bara, maƙwabciyarta Sherifa, ma'aikaciyar jinya, ta shiga shafin intanet na majalisar yankin tana neman ranar allurar yara. Sai ta ci karo da wani rahoto. An rubuta cewa nan da mako uku za a cire famfon lungun don a faɗaɗa hanya, a kafa wani a bakin titi, tafiyar minti goma sha biyar, a hannun wani mai tsaro. An ce an ji ra'ayin jama'a ta zauren unguwar: mutum 143 sun amince, ba wanda ya ƙi. Sunayensu na ƙasa. Na tara a jerin shi ne na Awabu.

Sherifa ta gaya mini sau uku ta karanta kafin ta yarda da idonta. Ko kayan aiki ba ta cire ba ta nufi famfon. Awabu ta ɗauka wasa ne. Da ta ga ba dariya a fuskar Sherifa, ta kifa bokiti ta zauna, ta bar ruwa yana ambaliya daga jarkar wata mata har ya kai ƙafafunsu.

"Ni na ce a kore ni?" in ji ta. "Da wane bakin?"

Suka koma baya a zauren har watan Janairu. Ga dogon saƙo da Turanci daga wani jami'in majalisa, Ziblim ne ya tura. Layin ƙarshe ya ce duk wanda ya amince ya amsa a ƙasa. Bayansa kuma Ziblim ya ƙara nasa da Hausa: Allah ya yi mana jagora. Ƙarƙashin wannan, amin ce a jere, wasu a rubuce, wasu da hoton hannuwa. Ta Awabu muryarta ce, daƙiƙa huɗu: amin ya Rabbi. Ziblim ya ɗauki hoton amsoshin ya aika wa jami'in kamar yadda aka roƙe shi.

Na sami Ziblim a shagonsa. Bai yi gardama ba. Ya ce gaisuwar farko kawai ya karanta, ya kuma ga rashin ladabi ne ya tura wa manya saƙo tsirara ba addu'a.

Awabu ta sa Sherifa ta karanta rahoton duka da Hausa a saƙon murya, ita ta maimaita da yarensu na Mampruli, wata mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta yi da yaren Twi. Kafin la'asar lungun ya cika. Kowa na neman sunansa a jerin yana samu. Limamin lungun shi ne na biyu. Wata tsohuwa da ba ta iya tafiya sai da sanda ta ji an kira nata, ta riƙe baki.

Ranar Litinin su ashirin, har da Liman, suka je ofishin majalisar. Jami'in mutum ne mai ladabi, ya ba su kujeru, amma ya ce an tambaya an amsa, takarda ta riga ta wuce sama. Awabu ta nemi izinin yin addu'a kafin su tashi. Ta roƙa wa mahaifiyarsa lafiya, ya ce amin. Ta roƙa wa 'ya'yansa albarka, ya ce amin. Ta roƙi Allah ya bar famfon Maamobi inda yake, ya ce amin tun bai gama ji ba.

"To, ɗana, ka amince ke nan," in ji ta. "Sherifa, rubuta sunansa."

Aka yi dariya, ban da shi. Ya jawo jerin sunayen ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya a hankali ko duka 143 ɗin haka ne. Liman ya ce duka.

An sake tambayar a mako na gaba, da murya, cikin harsuna uku, amsa kuma ɗaya daga biyu: a cire, ko a bari. Mutum 118 suka ce a bari, 31 suka ce a cire, yawancinsu masu babur da mota. Ziblim yana cikinsu, bai ɓoye ba. Har yau Awabu tana cika masa jarka, tana kiransa Malam Jagora.

Famfon yana nan. Amma kwana tara bayan ƙuri'ar Ziblim ya sa sanarwar rasuwar Malam Mahama, ladanin lungun, ya rufe da Allah ya ji ƙansa. Mutum fiye da ɗari suka gani. Kusan awa guda ba wanda ya amsa, sai da Sherifa ta fito daga aiki ta ce da muryarta rasuwa ce ta gaske, ba komai a ƙarƙashinta.

Awabu ta ce ita ma tana riƙe da wayar duk tsawon awar, amin ɗin tana bakinta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tashinta sallah ne ya rasu. Tana gaya mini haka ta juya ta ƙara murɗe famfon, alhali a rufe yake.