Motar da Ta Zauna

A yankinmu idan mota ta yi ƙasa, cikinta ya kusa taɓa kwalta, ba a cewa ta yi kyau. Cewa ake yi ta zauna, kuma da muryar jaje ake faɗa. Mota mai zama ita ce wadda buhunan masara da kwandunan tumatir suka cinye wa ƙarfi, sifirinta ya mutu, mai ita kuma ba shi da halin sauyawa. Ni kuwa da gangan na zaunar da tawa, kuma na yi shekaru ina wannan bayani daga Ikara har Kudan ban samu wanda ya yarda ba.

Motar 'yar ƙarama ce, 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu. Na saye ta bayan na ɗan jima da fara aikin ofis a Ikara. Ba gudu ne ya dame ni ba, ko da yake babu wanda zai gaskata ni a kan wannan ma. Abin da nake so a mota shi ne kwana: yadda za ka shiga lanƙwasar hanya motar ta riƙe ƙasa, ba ta karkata ba, ba ta yi gardama ba, ka fito kamar ba a yi ba. Don haka na bi abin da na karanta da abin da na kalla a waya. Na je Kano na samo gajerun sifirin masu tauri, na sa tayoyi masu faɗi, na sauya birki, na sa salansa mai kaurin murya. Ranar da na cire kujerar baya don in rage mata nauyi, maƙwabtana suka zo yi mini murna, wai ashe na yi hankali zan fara lodi.

Bakanikena yana Makarfi, kuma duk rayuwarsa ɗaga motoci yake yi. Masu haya su kawo masa, ya cusa roba, ya sa musu sifirin ƙaramar bas, motar ta fita tana tafiya a ɗage. Da na gaya masa ƙasa nake so a yi da tawa, sai ya ajiye sifana ya zagaya motar, ya dawo ya sake tambayata, ko bai ji daidai ba. Ya ce shi tun da ya fara aiki kowa sama yake nema. Ya dai yi aikin, kuma ya yi shi da kyau, amma ya roƙe ni kada in gaya wa mutane a garejinsa aka yi.

Daga nan jaje ya fara. A bakin shiga Kudan akwai tudun rage gudu, kuma dole in hau shi a karkace, a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada cikin motar ya gogu. Daidai wurin ne masu shayi suke. Duk ranar da na zo gida sai majalisa ta tsaya cak a kalle ni, wani ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kawo na gyara. Na gyara! Motar da na fi kowa a garin kula da ita. Da farko nakan sauke gilashi in yi bayani, in ce nauyin mota idan ya yi ƙasa ta fi riƙe hanya. Sai su gyaɗa kai cikin tausayi, don a ganinsu mutum ne ke rufa wa kansa asiri. Daga baya na daina, in ce amin kawai in wuce ina cizon leɓe.

Wajen Dandamisa akwai wani fili mai tauri da ake sussuka a kai bayan kaka. Da rani idan an kwashe komai, nakan je can ranar da ba aiki, in jera tsofaffin tayoyi su zama hanya mai lanƙwasa, in yi ta zagayawa. A nan na koyi abubuwan da shekarun tuƙi a kan titi ba su koya mini ba: ka gama da birki kafin ka shiga kwana, kada ka kalli hancin motar, kalli inda za ka fita, totur kuma a lallaɓa shi ake yi. Wani lokaci in yi kwana ɗaya har rana ta karkata, sai na ji a tafin hannuna cewa ta yi daidai. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba.

Mutanen wurin kuwa suka yanke hukunci cewa koyon mota nake yi. Me zai sa babban mutum ya yi ta zagaya tayoyi a fili in ba lana ba ne? Wani dattijo Bafulatani da ke ratsawa da shanunsa ya tsaya wata rana ya daɗe yana kallona. Da na tsaya muka gaisa, ya ce ya ga na ɗauki lokaci ban iya ba, amma kada in karaya, wasu kan su a hankali yake ɗauka. Ya yi mini addu'a mai tsawo, na shafa.

Duk wannan da sauƙi da maganar ba ta isa kunnen Yaya ba. Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomin rake ne, yana kuma dafa mazarƙwaila, kuma da wannan wahalar ya kai ni makaranta har na zama ma'aikaci. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya faɗa, ba ya yabo. Tun da na zaunar da motar bai taɓa shiga ba. Idan za mu ɗaurin aure ko gaisuwar rasuwa, in buɗe masa ƙofa, sai ya ce in yi gaba zai biyo ni a babur, kada a ƙara mata nauyi. Wannan magana ta fi duk jajen masu shayi yi mini ciwo. Abu ɗaya nake so a duniyar motar nan: Yaya ya zauna kusa da ni sau ɗaya, in kai shi filin nan, in shiga kwana da shi, ya ji da jikinsa yadda take riƙe ƙasa. Na tabbata in ya ji zai gane cewa ƙanensa ba talauci ke damunsa ba, ba kuma shashanci ba, wani abu ne ya iya.

Ana nan aka tura ni kwas Kaduna. Gidan da nake haya a Ikara ba shi da rumfa, sai na kai motar gidanmu a Kudan, na rufe ta da tamfol, na ba Yaya makulli na ce a riƙa tayar da ita saboda batir. Iyakar abin da na ce ke nan. Na sha maimaita maganar a raina daga baya, ban ga inda kalmar gyara ta shiga ba.

Ranar da na dawo, tun daga nesa na hangi wata mota a ƙofar gida na ɗauka baƙi aka yi. Launin irin na tawa ne, amma wannan doguwa ce, akwai sarari tsakanin taya da jiki da za ka cusa kanka. Akuya na kwance a ƙarƙashinta tana tuƙa, kanta ko taɓa ƙarfe bai yi ba. An wanke ta tas. Na leƙa ta gilashi na ga kujerar baya, ba ma tata ba, wata ce mai ruwan ƙasa da aka samo daga wata motar. Na duba lamba. Tawa ce.

Kafin in gama haɗiye wannan, Yaya ya fito daga zaure. Dole na durƙusa muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi karatu, ya tambayi malaman kwas ɗin da bai san su ba, ni kuma na tambayi gona da iyali da gajiya, idona yana kan tayar gaba. Sai da aka gama duka sannan ya nuna motar da haɓa.

"Auta, ka ga motarka ta miƙe."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Murmushi yake yi yana ƙoƙarin ɓoyewa. Maƙwabta suka fara fitowa, ashe jira suke yi. Wannan ya ce Yayanka ya fitar da kai kunya, wancan ya ce irin wannan ɗan'uwa sai an tona. A bakinsu na ji cewa an daɗe ana magana a gari, wai ga ƙanensa yana jan mota a zaune shi kuma yana da rake gona guda yana kallo. Da aka gama dahuwar mazarƙwaila ta bana, bai yi wa kansa komai ba sai da ya kai motar Makarfi wurin bakanikena.

Me zan ce? A gaban mutane, ga babban wa, ga alheri? Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma." Aka ce amin.

Washegari na tafi Makarfi. Motar tana lilo a hanya, salansa shiru, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Na sami bakanikena a ƙarƙashin wata bas, na tsaya a kansa na zazzage masa duk abin da ban iya faɗa a gida ba. Na ce shi da ya san komai, shi da ya ɗaura sifirin nan da hannunsa, ya rasa bakin cewa da gangan aka yi? Ya fito yana goge hannu, ko a jikinsa.

"Malam, babba ya zo da kansa ya ce a gyara. In ce masa ƙanensa ne ya ɓata ta da kuɗinsa? Kai ma ba ka iya gaya masa ba, sai ni?"

Ya ƙara da cewa, tsakaninsa da Allah, ranar da ya ɗaga motar nan ya ji wani nauyi ya sauka daga zuciyarsa. Na tambaye shi ina sifirina. Ya ce Yaya ya sa su a buhu ya ɗaure a bayan babur, wai ba a barin ƙarfe a gareji. Sai na ɗan ji sanyi. Na ce a raina suna gida, in kwana biyu in karɓe su cikin dabara, in mayar da su, in ce sababbin ne ba su karɓe ta ba.

Da na koma Kudan na tarar da Yaya a ƙofar gida da hularsa ta fita, da 'yar jaka a hannu. Ya ce in kai shi filin nan da aka ce ina koyo. Kafin in fito in buɗe masa, ya buɗe da kansa ya shiga ya zauna, ya gyara riga, ya dafa gaban motar kamar mai dafa wuyan bijimi. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, ga shi ya zo. Na tayar da mota muka kama hanyar Dandamisa, farin ciki da takaici suna kokawa a ƙirjina.

Tayoyina suna nan yadda na bar su. Na ce ko ba komai hannuna bai manta ba. Na ɗauki hanya, na gama da birki a inda na saba, na kalli mafita, na juya sitiyari. Motar ta kwanta gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodi a ɓangare ɗaya, gabanta ya ƙi bin hanya, muka kwashe tayoyi muka yi waje. Na dawo na sake, a hankali wannan karon, duk da haka sai da na take ɗaya. Na kashe mota. Yaya ya saki ƙarfen da ya riƙe a saman ƙofa, ya dube ni da wani irin tausayi da ban taɓa gani a idonsa ba.

"Kada ka damu, Auta. Za ka iya. Yanzu da motar ta samu lafiya koyon zai zo maka da sauƙi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki zan faɗa masa komai, daga Kano har wannan fili. Amma ga shi zaune a kujerar da ya ƙi shekara da shekaru, hankalinsa kwance, ya sauke wa ƙanensa kaya. Sai na tambaye shi kawai ina tsofaffin sifirin nan.

Ya ce af, ya kusa mantawa. Ya buɗe jakarsa ya fito da karan rake da wata sabuwar wuƙa mai ƙotar itace, bakinta yana ƙyalli. Ya ce ya kai wa maƙeri, kuma maƙerin ya yaba ƙarfen ƙwarai, ya ce bai taɓa bugun mai kyau irinsa ba, ko da yake ya mutu a mota. An fitar da wuƙaƙe da yawa, ya rarraba wa masu yi masa aiki a gona, wannan kuwa tawa ce ya ajiye mini.

Muka fito muka zauna a inuwar motar, don yanzu tana da inuwa. Ya fere raken da wuƙar, ta shige shi ba gardama, ya yanka gaɓa ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu na sa a baki.

Motar tana nan a tsaye har yau. Ban sake zuwa Kano neman gajerun sifirin ba, don duk ranar kasuwar Makarfi Yaya yakan kira ni in zo in kai shi, ya zauna a gaba, ya ɗaga wa masu shayi hannu idan mun hau tudun nan kai tsaye. Idan na shiga kwana yakan ce in bi a hankali, ina dai samun ci gaba. Wuƙar tana cikin aljihun gaban motar, da ita yake fere mana rake a hanya.