Malam Kailani da Garar Rami na Bakwai

A layinmu na Tudun Wada, in ka ji ƙarar keke da warin baƙin mai bayan sallar asuba, to Malam Kailani ne zai tafi aiki. Shekararsa talatin da ɗaya yana kula da filin golf na wani kulob a Zariya, amma bai taɓa buga ƙwallon ba ko sau ɗaya. Na taɓa tsokanarsa a kan haka, ya ce mai dafa tuwon biki ba ya zama cikin 'yan cin tuwo. Matarsa Lauratu kuwa ta ce ta gaji da wanke riguna, yanzu sai dai ta ware masa igiyar shanyarsa daban.

Filin nasu ramuka tara ne, kuma kewayen kowane rami ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da baƙin man mota aka daddale, don ƙwallo ya gangara sumul. Kowace shekara sai an kwashe tsohon yashi an zuba sabo. Kailani ke zagaya garejin kanikawa yana tara man, shi ke tankaɗe yashin, shi ke cuɗawa da shebur, sannan ya damƙi kaɗan a hannu. In ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi. Makullin sito, inda ake ajiye duk kayan nan, yana hannunsa tun yana da baƙin gemu.

Sai dai yana da ƙa'ida guda wadda ba ya karyawa. Ba ya zuba sabon yashi sai ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, gara mai fiffike ta tashi. Washegari yakan bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, inda duk ya ga fukafukai zube kusa da 'yan ƙofofi a ƙasa, ya san akwai gidan gara a ciki. Sai ya haƙe, ya cike, ya daddale, sannan yashi ya hau. In ba haka ba, tsakiyar damina ƙasa za ta lotsa, aikin shekara ya tafi a banza.

Bara aka yi wa kulob ɗin sabon kyaftin, Dakta Sharfaddeen, mutum mai son abu yanzu-yanzu. Ya sa ranar gasa, ya gayyato 'yan wasa daga Kaduna da Kano, ruwa kuma ya ƙi zuwa. Saura kwana goma sha biyu ya kira Kailani.

"Baba Kailani, gobe nake so a fara zuba yashi."

"Ranka ya daɗe, gara ba ta tashi ba."

"Wato gasar tamu sai ta jira ƙwari?"

"Ita dai ƙasar sai ta jira. Ni ba zan rufe abin da ban gani ba."

Dakta ya ce to, amma in ranar Asabar ɗin gasa ta zo fili bai kammala ba, ya ajiye makullin sito a ofis, za a kawo ɗan kwangila. Kailani ya ce ya ji.

Gaskiya ni na tsorata masa. Mutum ya haura sittin, ba shi da wata sana'a, ga iyali. Na ce masa ya zuba yashin mana, in ya lotsa a damina ai gasa ta wuce. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da nama mai wari. A kwanakin nan bai zauna ba. Ya tankaɗe yashin ramuka tara duka, ya cuɗa, ya tara tsibi-tsibi ya rufe da buhuna, ya yi magana da ma'aikata shida su zama cikin shiri. Kullum da la'asar yana kallon gabas.

Ranar Litinin, saura kwana biyar, aka tafka ruwa. Talata da sassafe Kailani ya tarar da fukafukai a rami na biyu da na bakwai. Na biyu ƙaramin gida ne. Na bakwai kuwa, da aka sara da diga taku ɗaya daga ramin, sai ƙasa ta rufta. Kailani ya aika aka kira Dakta, sannan ya durƙusa a gabansa ya zura hannu cikin kogon har kafaɗa, bai taɓo ƙarshe ba. Dakta ya tsaya yana kallo.

Kwana huɗu suka yi suna cikewa da jar ƙasa, suna jan gangar siminti a kai don ta danne ƙasar, suna shimfiɗa yashi. Juma'a kafin magariba Kailani ya ja buhu a kan rami na tara, ya share sawun ƙafarsa.

Da aka gama gasa ranar Asabar, Dakta ya ratso cikin baƙi ya same shi yana wanke shebur.

"Baba, maganar makullin nan, ka riƙe abinka."

Kailani bai ɗago ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ban taɓa fito da shi daga aljihu ba."