Sunan Saima da Rubutun Jamus

Duk wanda ya taɓa cin kapana, gasasshen naman bakin titi, a unguwar Mondesa da ke Swakopmund ya san Meme Saima. Shekara ashirin da uku tana gasa nama a bakin titin tasha, da wuƙa ɗaya da gishiri da barkono ta aurar da 'ya, ta kai ɗa jami'a. Mace ce mai sakin hannu, in ka ce ba ka da shi sai ta turo maka yanka biyu. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya ganin abu a hannun wata ta kau da kai.

Mijinta, Tate Erastus, mai rubuta alluna ne. A Swakopmund mai wannan sana'a ba ya rasa aiki, don raɓar teku ba ta barin fenti ya kai shekara uku. An fi saninsa da rubutun Jamus, irin na goshin tsofaffin gidajen cikin gari. Yakan karkata buroshi mai faffaɗan baki, ya ja ƙasa layin ya fito da kauri, ya ja gefe ya fito siriri, kowane harafi da tsini sama da ƙasa, a jere a matse kamar shinge. Otal-otal na nemansa, masu burodi na nemansa, haka ma duk wanda aka yi wa rasuwa, domin shi ke rubuta sunaye da farin fenti a jikin baƙin gicciyen kabari.

Allon Saima kuwa rubutun yara ya yi mata, zagayayye, ja a kan rawaya. Ta sha roƙonsa ya yi mata na Jamus mai ƙahonin nan, sai ya ce, "Naki ana karanta shi daga cikin mota. Me kike nema kuma?" Da haka ta haƙura, har Rauna ta buɗe shagon kitso a tsallaken titi.

Rauna bazawara ce, doguwa, mai dariya da duk haƙoranta. Kwana uku Erastus ya yi a kan tsani a ƙofarta, Saima na kallo ta cikin hayaƙi, nama na ƙonewa. Da aka sauke tsanin sai ga sunan Rauna da rubutun Jamus, ruwan zinariya, harafin farko kaɗai ya kai tsawon hannu. Kishi ya turnuƙe Saima, ba ta kuma ɓoye ba.

"Kwana uku a kan harafi biyar, Tate? Ko har da kitso aka yi maka?"

"Kan nawa da ba gashi?"

"Ni kuwa rabin yini ka yi min. Da ma an ce mai gyaran takalmi matarsa ba takalmi take yawo."

Ya ci gaba da wanke buroshinsa abinsa. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Ranar Litinin ta shiga gari wurin masu buga rubutu da inji. Ta zaɓi harafin da ya fi kowanne kauri da ƙahoni. Zinariya ta Rauna ce, don haka ta ce a yi mata fari a kan baƙi, ya fi kwarjini. Ta sa aka rubuta cikakken sunanta, a ƙasa kuma shekarar da ta fara sana'a. Ta rataye, ta ɗaura sabon kallabi, ta zauna tana harare-hararen tsallake.

Direban tasi na farko ya tsaya, ya cire hula ya dafe ƙirji. "Wayyo, Meme. Yaushe aka yi? Ba wanda ya gaya mana."

Wata tsohuwa ta zo wucewa ta yi alamar gicciye a fuska. Kafin azahar rabin Mondesa sun zo ta'aziyya suna dariya, Rauna ma ta leƙo.

Erastus bai yi dariya ba. Da ya karyo kwana ya hango allon, sai ya tsaya cak, gwangwanin fenti ya suɓuce masa. Ya ƙaraso ya sauke allon, ya kife shi a ƙasa, ya zauna kan benci. Saima ba ta taɓa ganinsa haka ba.

"Saima," ya ce, "sunan uwata na rubuta da wannan. Na ƙanena ma haka. Duk wani nawa da na ja masa wannan buroshi, a maƙabarta na kai allon. Naki ba zan ja ba."

Ta juya naman da ke kan wuta. Can ta ce, "To ita Raunar fa?"

"Rauna me ta haɗa da ni? Ta ce zinariya, na yi mata zinariya."

Zuciyarta ta yi sanyi, amma mai hali ba ya fasa halinsa. "Wato in na riga ka, wani can za ka ba ya rubuta nawa? Ita da hannunka, ni da hannun baƙo?"

Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa. "Kullum roƙona in riga ki, kada a kawo min allon."

Saima ta share ido da gefen kallabi ta ce hayaƙi ne. Ta shiga bayan rumfa ta jawo tsohon allonta, ja a kan rawaya, ta miƙa masa ya mayar. Har yau shi ne a wurin, duk shekara biyu yana sabunta shi. Ita kuwa har yau a can gaba take zuwa kitso, ba wurin Rauna ba.