Malam Isiyaku, Mai Kai Ruwa Wutsiya

Da an idar da sallar asuba a Tudun Kanya, kafin mai shayi ya gama hura wuta, za ka ji ƙugin wani keke yana fitowa ta bayan masallaci. Ba sai ka leƙa ba. Malam Isiyaku Mai Ƙofa ne, bisa keken da ya girmi yawancin 'yan acaɓan Kura. A bayan keken ya ɗaure lauje da wani ƙarfe mai hannu biyu, wato makullin da ake murɗa ƙofofin ruwa da shi. A gaba kuma rediyo ce take reto, ya naɗe ta da roba don kada batir ya zube. Shekara talatin da wani abu ke nan yana wannan fita, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A baki aikin ba shi da wuya. Ruwa ya taho ta magudana, shi kuma ya buɗe ƙofofi ya raba wa masu noman rani. Sai dai magudana tana da kai, tana da wutsiya. Gonakin da suke kai ruwa yana iso musu da ƙarfinsa, na wutsiya kuwa sai abin da ya rage, in ya rage. Abin da aka san Malam Isiyaku da shi tun daga nan har Bunkure shi ne ba ya fara buɗe wa na kai. Yana bi yana kulle ƙofofin sama, ya kora ruwan har can ƙarshe, sai na wutsiya sun sha sannan ya dawo yana buɗewa. An zage shi a kan wannan, an kai ƙararsa, bai canza ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Na kai ko an manta da su ruwa zai same su. Na wutsiya sai an tuna."

Gonar ƙarshe a wutsiyar ta Jemima ce, wadda kowa yake kira Maman Lahadi. Daga Filato suka zo da mijinta Caleb, yana aiki a injin gyaran shinkafa. Da ya rasu ba ta koma gida ba, ta karɓi hayar wannan 'yar gona tana tumatir, da shi take ci da 'ya'yanta. Daga gonarta sai burtali. Zamanta a garin nan gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu guda, ruwa ya iso ko bai iso ba.

A kai kuwa akwai Alhaji Hammadu, shugaban manoman yankin, mutum mai fara'a da hannun kyauta, musamman idan yana son abu. Wata shekara ya aika wa Malam Isiyaku buhun shinkafa ana gobe rabon ruwa. Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗora buhun a keke, ya tura har ƙofar gidan Alhaji, ya yi sallama a gaban 'yan majalisa ya ce, "Alhaji, yaranka sun yi ɓatan kai da kaya, na ce bari in dawo maka da shi kada ka yi ta cigiya." Har yau idan aka tuna ana dariya, shi ma Alhajin yana tayawa, da 'yar dariyar yaƙe.

Kai ne, Malam, wanda yake bin masu gyaran inji yana roƙon baƙin mai don ya shafa wa ƙofofin da tsatsa ta cinye. Kai ne wanda ya raba Hammadu da Jemima a kan ruwa ɗaya shekara da shekaru, ba a taɓa zare adda ba.

To, akwai wata al'ada da garin nan yake da ita a da. Bayan an kwashe shinkafar damina, kafin a fara dashen rani, sai a tsayar da ruwa a yi gayyar yasa. Duk mai gona a bakin magudanar zai fito ko ya turo ɗansa. A yanke kacala, ciyawar nan mai tsayi da take shaƙe ruwa, a kwashe laka da kwanduna, a liƙe inda bango ya tsage. Mai ganga yana kiɗa, mata suna kawo kunu. Ba wanda ya ɗauke shi wani abin a yaba, aiki ne kamar yaɓen ɗaki kafin damina.

Lokacin gayyar nan shi ne kuma lokacin da ake karanta kasafin kuɗin ƙasa. Malam Isiyaku ma'aikacin gwamnati ne na gaske, irin wanda ya yarda cewa idan an faɗa a rediyo to an gama. Duk shekara yakan jingine keke ya kasa kunne, tun daga jawabin shugaba har mahawarar majalisa, kamar wanda ake raba gadon gidansu. Wata shekara kuwa sai ya ji da kunnensa, a cikin ayyukan da aka lissafa, an ce za a gyara magudanan noman rani na wannan yanki. Murna ta hana shi cin abinci. Ranar Juma'a ya miƙe a masallaci ya shaida wa jama'a.

Alhaji Hammadu ya ce, "Alhamdu lillahi. To, tunda katafila za ta zo, me zai sa mu shiga laka bana? A bar wa gwamnati aikinta."

Kowa ya ga hankali a maganar. Shi kansa Malam Isiyaku ya gyaɗa kai. Aka fasa gayya.

Katafila ba ta zo ba. Abin da ya zo wata farar mota ce da mutane masu hula irin ta kwano, suka auna, suka ɗauki hoto, suka kafa wani ƙaton allon ƙarfe kore da fari a bakin hanya, an rubuta cewa ana gyaran magudana. Da Malam ya je ofis ya tambaya, aka ce masa an sa a kasafi, amma ba a saki kuɗin ba. Ran nan ya fara sanin cewa sawa daban, saki daban. Shekara ta zagayo aka sake sawa. Aka sake jira. Masu hali suka haƙa rijiya a gonakinsu, suka sayi injin ban ruwa, magudana ta zama ba dole ba a wurinsu. Mai ganga ya tsufa ya rasu. Yanzu idan ka ce wa matashi ya fito yasa, sai ya ce maka, "Ba an sa a kasafi ba?" Ba da rashin kunya yake faɗa ba, abin da ya tashi yana ji ke nan.

Abin yana da ciwo. Da ba a taɓa ambaton magudanar nan a rediyo ba, da har yau ana yashe ta. Alkawarin bai kawo katafila ba, ya kuma tafi da kwandunan da muke da su.

Malam Isiyaku bai daina saurare ba, amma sauraren ya canza. Wata rana Jemima ta same shi a bakin gonarta, rediyo tana ta zuba. Ana ta lissafin biyan bashi, da sababbin motocin manya, da gyaran ofisoshi, da tafiye-tafiye. Sai can da mai karatun ya fara gajiya aka zo kan noma.

Ta ce, "Baba, an ambace mu kuwa?"

Ya ce, "An ambace mu, Maman Lahadi. Ashe can ma akwai kai da wutsiya. Mu ne wutsiyar, kuma su daga kai suke fara buɗewa."

Tun shekarar da aka fasa gayya shi ya shiga ruwan. Ba ya cikin aikinsa, ba wanda ya sa shi. Idan ya gama rabo sai ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya shiga da lauje yana yankan kacala, yau nan gobe can. Kafin ya kai ƙarshe ta farkon ta sake tofowa. Tsargiya ta kama shi ba sau ɗaya ba. Ƙafafunsa sun yi faso har ba ya iya sa takalmi sau-ciki ko ranar Idi. Matarsa Saude, wadda take gasa masa su da ruwan zafi tana shafa man kaɗanya, ta gaji ta ce, "Malam, wai magudanar nan ta gidanku ce? Kai kaɗai gwamnati ta haifa?"

Ya ce, "Saude, da bakina na faɗa musu katafila tana zuwa."

Ta ce, "Kai ka faɗa, amma ba kai ka yi ƙaryar ba."

Washegari ya ɗaure laujensa ya fita.

Bana, raninsa na ƙarshe a bakin aiki, bangon magudanar ya fashe a tsakiya. Ruwa ya riƙa zurarewa cikin wani kwari, abin da yake wucewa gaba bai isa alwala ba. Jemima kuwa ta riga ta yi dashe. Duk abin da ta tara a damina ta zuba shi a iri da taki da hayar gona. Tumatir yana ƙarami, rana tana dukansa, ganye ya fara langaɓewa.

Ranar Juma'a Malam Isiyaku ya miƙe a masallacin nan dai, ya ce, "Jama'a, ina roƙon arziki. A fito gayya gobe. Idan ruwa bai kai wutsiya a 'yan kwanakin nan ba, dashen mutane zai ƙone."

Alhaji Hammadu, cikin tausayi har ga Allah, ya ce, "Malam Isiyaku, ka huta mana. Ai na ji bana ma an sa, kuma an ce wannan karon da gaske ne."

Washegari waɗanda suka fito ba su cika tabarma ba. Malam ne, da Jemima da 'yarta Lahadi, da 'yan tsirarun masu gona a wutsiya. Suka cika buhuna da ƙasa suka jera a bakin fashewar, ruwa ya kwashe. Suka sake jerawa, ya sake kwashewa. Kwanaki suna tafiya. Sai wata safiya aka ga Malam Isiyaku a bakin hanya da diga, yana tonon gindin allon nan kore da fari. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko ƙusar gwamnati ba, ya tumɓuke allon, aka taya shi ɗauka, ya kafa shi a bakin fashewar, aka danne da buhuna. Allon ya riƙe ruwan. Har yanzu yana nan, rabin rubutun a cikin ruwa. A iya saninmu, wannan ne kaɗai abin da ya fito daga kasafin kuɗi ya taɓa ruwan magudanar nan.

Ya kulle ƙofofin sama duka, ya bi ruwan a ƙafa yana janye masa ciyawa, har ya ga ya shiga gonar ƙarshe. Ya tsaya yana kallo. Ruwan yana bin kunya-kunya yana zagaye busassun tsirrai, waɗanda ko akuya ba za ta kalla ba.

Ya hau keke ya nufi gidan da Jemima take haya. A ƙofar gida ya tarar da a-kori-kura, an ɗora katifa da tukwane, Lahadi tana zaune a kan kaya. Jemima ta fito ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Baba, ruwan ya zo?"

Ya ce, "Ya zo."

Sannan ta ce, "Ba ni da abin sake dashe, Baba. Za mu koma gida wurin 'yan uwan Caleb. Ka yi iya yinka, Allah ya gani. Ruwan, a ba na gaba."

Ya ce, "Babu na gaba, Maman Lahadi. Ke ce ƙarshe."

Ya taya direba ɗaure igiya, ya tsaya har motar ta ɓace a hanyar Kura.

Makon jiya ya je ofis ya tambayi wanda zai damƙa wa makulli. Aka ce masa babu ɗaukar sababbin ma'aikata a kasafin bana, ya kawo a rataye a sito.

Malam Isiyaku, mun gode. Godiyar ba ta da nauyi, mun sani, ba za ta liƙe fason ƙafarka ba, ba za ta dawo da Maman Lahadi ba. Kai ne ka riƙe wa marasa murya rabonsu har ƙarfinka ya ƙare. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba ka shiga laka da shi, mu muna kan gaɓa muna jiran Abuja. Mai ƙofa, uban 'yan wutsiya, Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Masu raba arzikin ƙasa, ba mu da bakin da zai kai gare ku, mun kuma gaji da sa rai. In wani ya karanta muku wannan, ku gwada ko sau ɗaya ku fara buɗewa daga ƙarshe. Mu kuma mutanen bakin magudana, wanda yake da lauje ya wasa shi, don Malam ya ce ko bayan ya ajiye makulli zai sake kiran gayya, kuma zai fito ko shi kaɗai ne. Kada wani ya ce gonarsa tana kai. Gonar Jemima ta koma burtali, shanu suna bi ta ciki. Wanda yake kusa da ita jiya, yau shi ne wutsiya.