Aljanin Tsamiyar Alhaji Sule

Ina shiga gidan maƙwabcina Alhaji Sule a unguwar Chagoua ta N'Djamena, na tarar ana turara ɗan ɗakin ajiyarsa. Bango ya tsage, ruwa yana bin buhunan geronsa.

Farkon shekarun 2000 ne, zuwansa daga Kano ke nan. Tun ana haƙa harsashi na gaya masa lakar N'Djamena kumbura take da damina, ta dare da rani, ga tsamiya dab da bango. Ramin ko gwiwa bai kai ba ya ce ya isa.

"Aljanun tsamiya ne, Malam Isa," in ji shi da ya ga ina kallon tsagewar bangon.

Na ce, "Alhaji, gida uku na gina da gumina a garin nan. Aljaninka saiwa ce, ba ta jin turare, sai shebur."

Kafin kaka ɗakin ya kwanta kan geron.

Jama'a, wa ya taɓa korar saiwa da hayaƙi?