Tsibiri Biyu, Ranar Ban Ruwa

Babban ɗana yana karatun jinya a wata ƙasa mai tsibirai. A shekarar da na dasa tumatir wajen Bunkure, makarantarsu ta tura shi koyon aiki a wani tsibirin daban. Babu hanyar mota tsakani, sai jirgin sama. Ya ce mini tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

Na ce ashe kamar daga Kura zuwa Kano ne. Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya nuna mini taswira a wayarsa, ya ce nisan ya ninka haka sau da yawa, jirgin ne ke da gudu. Na daɗe ina kallon shuɗin da ke tsakanin tsibiran biyu. Duk teku ne. Ban gaya wa mahaifiyarsa ba.

Tafiyar ta faɗo ranar ban ruwanmu. A layinmu, in ruwan kanal ya iso bakin gonarka ba ka nan, na gaba da kai ne zai ja, kai sai wani zagayen. Dashena sabo ne, ba zai jure jira ba. A gonar kuma babu sabis, sai ka taka zuwa gadar babban kanal.

Da safe ya kira ni a gida. "Baba, na fito, ina hanyar filin jirgi."

Sai na ɗauka fitowa ita ce tashi. Na ce bari in tsaya kan gada in ji saukarsa, in koma kafin ruwa ya iso ni. Ban san ana zuwa tun da wuri a bi layi, a caje kaya, a zauna jira ba. Ranar ma hadari ya ƙara riƙe su, daga baya na ji.

Rana ta ɗaga. Maƙwabcin gonata, wanda ke bi mini a layin, ya tsaya da babur.

"Ɗan makaranta, yau a kan gada ake darasin? Ruwa fa ya kusa kanka."

"Yaron ne a sama, ina jiran ya sauka."

"Tun safe? Ko jirgin ma sai ya cika yake tashi? Ko ɗan kamasho ne ya riƙe su?"

"Don Allah ka riƙe mini ruwan kaɗan."

"Da hannu zan riƙe shi? Akwai mutane a bayana. Hau mu tafi."

Na sa ƙafa ɗaya zan hau, sai na tuna shuɗin nan. Na ce ya je. Na kira wayar yaron, a kashe. Na zauna kan siminti mai zafi ina kallon ruwan yana wucewa ƙarƙashina.

Bayan azahar saƙo ya shigo. Na bi shi da yatsa a hankali: Baba na sauka lafiya. Na yi hamdala, na miƙe, gwiwoyina sun riƙe.

Da na isa gona, ruwa ya yi gaba, tumatir ya kwantar da kai. Na ari garwa na riƙa ɗebo ɗan abin da ya kwanta a kwalbati, ina bin kunyoyin da ke kusa har bayana ya ƙi. Su ne suka rayu. Na nesa suka ƙone, na sake dashe a makare.