Shekarar da Muka Ci Sha'ir

A shekara ta biyu da aurena damina ta yi gardama. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, dawa ma ba ta yi abin kirki ba. Sojoji ne ke riƙe da ƙasa a lokacin, kuma yawancin abincin taimako ta garinmu Gaya yake shigowa. Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, jirgin ƙasa ya hauro da shi arewa, sannan manyan motoci, waɗanda muke kira kamiyo, su ɗauko su tsallako gadar Malanbil. Mijina direban ɗaya daga cikinsu ne. Ni da uwarsa, wadda nake kira Inna, mu ke zaune a gida, ga ni da tsohon ciki.

Wata Laraba aka yi rabo a bakin magaze, wato ɗakin ajiyar hatsi na gwamnati, soja biyu na tsaye suna tsare layi. Mijina ya shigo da buhunmu a kafaɗa, ya dire a tsakar gida. Inna ta warware bakin, ta tsoma hannu, ta ɗebo, ta kai kusa da idonta.

"Wannan fa? Shinkafa ce ta yi ciwo ta rame?"

"Ba shinkafa ba ce, Inna," in ji shi. "Alkama ma ba ita ba ce. Abin da jirgi ya kawo ke nan wannan karon."

"To, yaya sunanta?"

Ya sosa kai. Akwai rubutu a jikin buhun, amma ba Faransanci ba ne, har maƙwabcinmu malamin lakwal, wato makarantar boko, ya duba ya kasa karantawa.

Inna ba ta san a ce hatsi ya gagare ta ba. Muka zuba a turmi muka yi ta surfe, ɓawon ya ƙi fita. Muka kai injin niƙa, muka tuƙa tuwo, ya fito da yauƙi kamar an haɗa shi da kuɓewa, ga ƙaiƙayi yana sukar maƙogwaro. Mijina ya yi loma biyu ya ce ya tuna akwai tayar da zai duba. Kafin sati, zance ya cika unguwa cewa abincin dawakin Turawa ne aka aiko mana. Inna ta ji haushi ƙwarai.

"Yunwa muke ji, ba haniniya muke yi ba," ta ce, ta watsa wa kaji cikin ƙwarya guda.

Ana cikin haka wani tsohon Alhaji na bayan gidanmu ya shigo gaishe ta da safe. Tun yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, ya yi shekaru a hanya, yana aiki yana gaba. Ya zauna a tabarma, idonsa ya kai kan abin da kajin ke tsattsaga. Ya sunkuya ya tsinci ƙwaya uku, ya murza a tafin hannu, ya sansana. Sai na ga fuskarsa ta washe kamar ya haɗu da ɗan'uwan da ya ɓata.

"Baiwar Allah, kin san abin da kike ba kaji?"

"Abincin doki, Alhaji."

"Sha'ir ne! Sha'ir! Wanda malamai ke ambata a karatu, abincin gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Rabona da ganinsa tun ina can."

Ban taɓa ganin Inna ta yi gudu ba sai ran nan. Ta zabura da tsintsiya tana korar kajin, tana salati, zakara ya haye katanga, ni kuwa na riƙe cikina ina dariya har hawaye. Ta durƙusa tana tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya daga cikin rairayi.

Alhaji ya koya mana yadda ya ga ana yi. A yayyafa ruwa a bar shi ya jiƙa kafin a surfa, sai ɓawon ya sake. A shanya, a soya sama-sama a kasko har ƙamshi ya tashi, sannan a niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi. Da garin aka dama kunu, aka zuba madarar da wata Bafillatana ke kawo mana, aka ɗiga zuma. Alhaji ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Shi ne," ya ce.

Kafin la'asar labari ya kai bakin kogi. Matan da suka zuba nasu a gaban jakai suka koma suna kwashewa. Tsakar gidanmu ta zama makaranta, Inna na tsaye a kan turmi tana ba da umarni da Hausa da Dandanci, yaren mutanen bakin kogi, sai ka rantse da sha'ir aka yaye ta. Wata ta gwada dambu da zogale ya yi daɗi, wata ta toya waina a tanda. Matar wani masunci ta dafa shi tsaba kamar shinkafa ta zuba romon kifi, wannan kam ni ban so shi ba, amma mijina ya cinye kwano biyu.

Cikin wannan watan na haihu. Ranar suna babu geron da za a yi kunun maijego yadda aka saba, sai Inna ta dama na sha'ir a babbar tukunya. Mata suka sha suka yi guɗa, aka yi ta raha, kowa na cewa jaririyar ta zo da arzikinta. Alhaji ya aiko da dabino bakwai a ƙullin tsumma.

Da aiki zai kai mijina har Kwatano, Inna ta ja masa kunne ya taho da wani buhun. Ya dawo da masara ja.

"Ina sha'ir ɗina?"

"Babu, Inna. Na tambaya a bakin jirgi. Wani ma'aikaci ya ce mini ba mu muke zaɓa ba. Ƙasar da ta noma abu ya yi mata yawa, shi take aikowa. Bara sha'ir ya yi musu yawa, bana kuma ya sami masu saye."

Inna ta juya maganar a ranta. "Ashe tukunyarmu a Gaya take, murhunta yana bayan teku," ta ce.

Sha'ir bai sake zuwa ba, ko sau ɗaya. Amma ashe Inna ta ɓoye mudu guda da ba a surfa ba. Da sanyi ya shigo ta sa aka gyara mata ɗan fili a fadama kusa da albasar mijina, ta shuka. Kullum da hantsi nakan goya jaririya mu bi ta ban ruwa. Ya tsiro kore shar, ya kai gwiwa, har wasu suka fid da kai mai gashi. Mutane suna zuwa kallo daga ƙauyuka.

Saura kwanaki kaɗan a yanka, muka iso da safe muka tarar tsuntsaye sun sauka a kai, sun kusa gamawa. Na ɗauki hoge zan jefa, Inna ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale su, ƴar nan," ta ce tana dariya. "Su ma ba su taɓa ɗanɗanawa ba."

Abin da ya rage muka yanka, bai cika tafi biyu ba. Ta dama a ɗan ƙoƙo, ta ba jikarta a baki da yatsa.